Jini ya taɓa daskare mini, ga shi an ce in yi allurar korona kafin tafiya Makka

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan Zariya, shekarata 43, 'ya'yana biyar. Shekara huɗu da suka wuce, bayan an yi mini aiki an ciro autana, ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga sharaɓa har cinya. Aka yi hoto aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Na sha magani wata shida aka tsayar. Bayan shekara guda abin ya dawo, wannan karon gudan jinin ya wuce huhu, na kwana tara a gadon asibiti da robar iska a hanci. Tun daga nan kullum sai na sha wafarin, maganin tsinka jini, ga kuma ciwon suga. Ban taɓa yin allurar korona ba, lokacin da ake yi ina cikin jinya.

Bana Allah ya nufa maigidana ya biya mini kujerar Makka. A wajen bita aka ce masu larura irin tawa su zo da shaidar allurar korona. Maigidana ya ce atafau ba zan yi ba. Ƙaninsa ya turo masa bidiyo a WhatsApp cewa kamfanin da kansa ya amsa a kotu a Ingila cewa allurar tana daskarar da jini. Ya ce shi bai manta daren da ya ɗauke ni a mota ina haki ina kiran sunayen yara ba, ba zai kai ni da hannunsa a sake ba. Ƙanin nasa ya ce ya san wanda zai samo mini kati ba tare da allura ta taɓa ni ba. Wata maƙwabciyata kuma ta ce in har zan yi, in ajiye wafarin na mako guda don kada magani biyu su haɗu a jikina. Ni dai na gama shiri, har ƙwayar tsayar da al'ada da mata ke sha na saya, amma wannan maganar ta hana ni barci. Ina tsoron allurar, ina tsoron saɓa wa mijina, kuma zuciyata ba ta kwanta da katin ba. Anti, yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a wannan kujera, ya saka wa maigidanki da alheri, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karatu na biyu abin da ya sa gabana ya faɗi wasu layuka biyu ne da kika rubuta kamar ba komai ba. Da su zan fara, domin maganar allura za ta iya jiran mako guda, su kuwa ba sa jira.

Kada ki ajiye wafarin, ko na kwana ɗaya, saboda allura. Maƙwabciyarki alheri take nufi, amma shawarar nan ita ce mafi hatsari cikin duk abin da aka faɗa miki. Allurar rigakafi da wafarin ba sa karo da juna a jiki. Wafarin shi ne katangar da ke tsakaninki da daren nan da maigidanki ya kasa mantawa. In kika daina sha, cikin 'yan kwanaki jininki zai koma halinsa na da, in kuma kika dawo kika ci gaba, sai ya ɗauki wajen kwana biyar kafin ya sake kama jiki. Kin ga mako gudan da aka ce miki ya tashi kusan mako biyu ke nan kina zaune babu kariya, ke da jini ya daskare miki har sau biyu.

Sai ƙwayar tsayar da al'ada. Na san kusan kowace maniyyaciya da ita take tafiya, a kyamis ma ba a tambayar komai ake miƙowa. To amma waɗannan ƙwayoyin ko dai na tazarar haihuwa ne masu sinadarin istirojin, ko kuwa irin su Primolut N, wanda jiki ke juya wani ɓangarensa ya koma istirojin idan ana shan sa da yawa. Shi kuwa istirojin ƙara wa jini saurin daskarewa yake yi. Mace mai tarihi irin naki ba ta haɗiyarsu sai likitan da ya san fayil ɗinta ya sahale. Ki saka kwalin a jaka, ki kai masa ya gani da idonsa. In ya ce a'a, to malaman bita za su yi miki bayani: mai al'ada tana yin dukkan ayyukan Hajji ban da ɗawafi, kuma akwai yadda ake tsara kwanaki. Ki gaya wa shugabar tawagarku tun da wuri.

Yanzu mu zo ga allurar. Ban ga laifin tsoronki ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi, balle ke da aka ambata miki sunan macijin da ya sare ki. Kuma bidiyon da ƙanin maigidanki ya turo yana da tushe, ba zan ce miki ƙarya ce tsagwaronta ba. A watan Maris na 2021 ƙasashen Turai da dama suka dakatar da allurar AstraZeneca na ɗan lokaci, saboda an ga wasu mutane ƙalilan jini ya daskare musu bayan sun karɓa. A watan Afrilu hukumar magunguna ta Turai ta ce lallai akwai alaƙa, sai dai abin ba kasafai yake faruwa ba. A wannan watan ne ita ma Amurka ta tsayar da allurar Johnson & Johnson na kwana goma a kan irin wannan dalili. A 2024 kamfanin AstraZeneca ya amsa a takardun kotu a Ingila cewa allurarsa tana iya jawo wannan matsala ga mutane 'yan ƙalilan, wato abin da likitoci suka riga suka sani tun shekara uku kafin nan, har an rubuta shi a takardar da ke cikin kwalin allurar. A Birtaniya lissafin ya nuna kusan mutum 1 cikin 50,000 ga 'yan ƙasa da shekara 50, a Amurka kuma kusan 4 cikin miliyan ga allurar Johnson & Johnson. Wasu cikinsu sun rasu. Mutane ne masu iyali, ba zan raina abin da ya same su don adadin ya yi kaɗan ba.

Ga inda bidiyon ya tsaya bai ƙarasa ba, kuma nan ne nake so ki nutsu. Daskarewar jinin da ta same ki da wadda allurar nan ta jawo sunansu ne ɗaya a bakinmu, amma cuta biyu ne mabambanta. Taki irin wadda aka saba gani ce: an yi miki tiyata, ga jego, jinin mai jego dama yana da saurin kamawa don Allah ya tsare ta daga zubar jini, ga kwanciya babu motsi. Jini ya yi ta tafiya a hankali a jijiyar ƙafa har ya kwanta ya dunƙule, kamar yadda kunu ke yin gudaji in an bar shi ba a dama ba. Waccan ta allurar kuwa rikicewar garkuwar jiki ce. A jikin wasu mutane ƙalilan, garkuwar ta ƙera sojojin da suka afka wa wani sinadari da ke jikin ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe bakin rauni, waɗanda likitoci ke kira faletilet. Sai ƙwayoyin suka yi ta manne wa juna, jini ya daskare a wuraren da ba a saba gani ba, kamar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ciki, a lokaci guda kuma adadin faletilet ɗin ya faɗi ƙasa warwas. Yawanci tsakanin kwana 4 zuwa 30 bayan allurar farko abin ke bayyana. Da aka bi diddigin waɗanda abin ya sama, ba a ga cewa masu tarihi irin naki sun fi sauran jama'a shiga ciki ba. Da yawansu lafiyayyu ne da jini bai taɓa daskare musu ba. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin jini ba su hana wanda ya taɓa samun daskarewar jini a ƙafa ko a huhu yin rigakafin korona ba.

Abu na biyu da bidiyon ya tsallake shi ne, allurar korona ba iri ɗaya ba ce. Mu a nan Najeriya AstraZeneca ce ta fara isowa, ranar 2 ga Maris 2021, kusan allura miliyan huɗu ta hanyar COVAX, shirin raba allurar korona ga ƙasashen duniya, shi ya sa sunanta ya fi zama a kunnen mutane. Daga baya Moderna da Johnson & Johnson da Pfizer suka biyo. AstraZeneca da Johnson & Johnson ƙirarsu ɗaya: ana ɗora saƙon rigakafin a kan wata ƙwayar cutar mura da aka kassara, ita ke kai shi cikin jiki, kuma a wannan ƙirar ce aka ga matsalar. Pfizer da Moderna saƙon a cikin ɗan ɗigon maiƙo ake naɗe shi, ba a alaƙanta su da wannan nau'in daskarewar ba. Su ma suna da nasu abin lura, wato kumburin tsokar zuciya da aka fi gani ga samari matasa, wanda yawanci yakan warware. Ke ba ki cikin wannan rukuni. AstraZeneca ma kamfanin ya janye ta daga kasuwa tun watan Mayu na 2024, Amurka kuma ta daina amfani da Johnson & Johnson tun 2023. Don haka tambayar farko da za ki yi a duk inda za a yi miki allura ita ce sunanta. Haƙƙinki ne a nuna miki kwalbar, ki karanta suna da ranar lalacewa.

Akwai kuma ɗaya gefen ma'aunin, wanda ba a cika turo bidiyonsa ba. Cutar korona ita kanta mai daskarar da jini ce, kuma ta fi allurar nesa ba kusa ba. Na yi aikin jinya a waɗancan shekarun, kuma ba na manta wani dattijo mai ciwon suga da aka kwantar mana. Tari ya lafa, zazzaɓi ya sauka, 'ya'yansa har sun fara naɗe tabarma, sai da safe na yaye zanen gado na ga ƙafarsa ɗaya ta ninka ɗayar, fatar tana sheƙi, in ka taɓa zafi rau. Dalilin irin wannan ne ya sa kusan duk wanda korona ta kwantar a asibiti ake yi masa allurar tsinka jini a fatar ciki kullum. Ƙwayar cutar tana ƙona bangon jijiyoyin jini daga ciki, ga zazzaɓi yana busar da ruwan jiki, ga kwanciya. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Suwidin aka wallafa a 2022 ya nuna cewa hatsarin daskarewar jini a ƙafa yana nan sama har wata uku bayan kamuwa da korona, na huhu kuma har wata shida.

Zan faɗa miki gaskiya kuma, korona ta yau ba ta kai ta 2020 da 2021 kaifi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kanta ranar 5 ga Mayu 2023, kuma mai yiwuwa ke ma cutar ta taɓa ratsa ki a aji cikin yara kika ɗauka mura ce. Da lafiyayyiyar budurwa ce ta rubuto mini, wadda ba inda za ta, da ban matsa mata ba. Amma hukumar ta ci gaba da sa masu ciwon suga da sauran cututtuka masu daɗewa a sahun gaba na waɗanda ake so su yi rigakafi. Ke ga suga, ga huhun da gudan jini ya taɓa toshewa, sannan za ki shiga taron mutum sama da miliyan ɗaya da rabi daga kowace kusurwa ta duniya, ku kwana tanti ɗaya a Mina, ku shaƙi numfashin juna a ɗawafi. Kin san da wuya alhaji ya dawo gida ba da tari ba. Da ni ce a matsayinki, in Pfizer ce ko Moderna, kuma likitan jini ya duba fayil ya ce babu matsala, zan miƙa damtsena.

Na ce sai ya duba fayil, domin akwai 'yan yanayin da amsar ke canzawa. Lokacin da aka kwantar da ke, kusan tabbas an yi miki allurar hefarin, ita ma ta tsinka jini ce, kafin a ɗora ki a kan wafarin. Akwai mutanen da hefarin ke rikita musu garkuwar jiki, faletilet ɗinsu ya faɗi, jini kuma ya ƙara daskarewa. Wannan kam ɗan'uwan matsalar allurar ne na jini, kuma wanda ya taɓa samun sa ba a yi masa AstraZeneca ko Johnson & Johnson. Haka wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙwaƙwalwa tare da faɗuwar faletilet. Ki tambayi likita kai tsaye: lokacin da nake kwance, faletilet ɗina ya taɓa sauka? An taɓa canza mini hefarin saboda bai karɓe ni ba? Ki kuma tambaye shi ko an bincika dalilin da abin ya dawo karo na biyu, tunda a lokacin babu tiyata babu jego. Akwai wata larurar garkuwar jiki da ke haɗa daskarewar jini da yawan ɓari. In kin taɓa yin ɓari fiye da ɗaya, ki faɗa masa ko bai tambaya ba.

Maigidanki kuwa, ƙanwata, ki tausaya masa. Ke kina kwance cikin ciwo a daren nan, shi ne ya riƙe sitiyari yana jin numfashinki yana sama-sama a kujerar baya, shi ya tsaya a baranda yana tunanin abin da zai ce wa yara biyar. Mutumin da ya tara kuɗin kujera ya ba ki, hanin da yake yi na ƙauna ne. Kada ki ja da shi, kada kuma ki je ki yi a ɓoye. In wani abu ya taso da dare shi ne zai ɗauke ki, dole ya san abin da aka sa miki da ranar da aka sa. Kuma ki shirya, da zarar ya ji sunan Pfizer zai tuno Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano. Duk ɗan Arewa da ya riƙe wannan a ransa yana da hujja, ni ma ban manta ba. Abin da zan ce masa shi ne, a wancan karon a kan 'ya'yanmu aka yi gwajin, a wannan karon kuwa masu ƙera allurar su suka fara yi wa kansu da iyayensu tun kafin ta iso gare mu. Saudiyyar da za ki je da Pfizer ta fara yi wa mutanenta a watan Disamba na 2020. An yi allurar korona sama da biliyan 13 a duniya, kuma sa idon da ake yi ne ya gano matsalar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu hamsin a cikin 'yan makonni, aka sanar da duniya.

Amma kada ke ki zama mai yi masa wannan bayanin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ce masa: “Abban yara, ni ma tsoron nake ji. Ka raka ni Shika mu ji daga bakin likitan jini. In ya ce kada in yi, na haƙura.” Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin jini, ga shi a bakin ƙofarku, mutane daga jihohi suke tahowa nemansa. In a wani asibitin ake duba ki, ko Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wani, ki nemi takardar tura ki can. Ku tafi da katinki na asibiti, da littafin da ake rubuta sakamakon gwajin INR, wato gwajin da ke nuna yadda wafarin ya tsinka jini, da duk magungunan da kike sha har da na gargajiya, da wayar da bidiyon ke ciki. Ki bar shi ya kunna wa likita, ya yi duk tambayar da ke cin sa. Namiji ya fi sakin jiki da hukuncin da aka yanke yana zaune a wurin.

Maganar kati kuwa, zuciyarki ta riga ta ba ki amsa tun kafin ki rubuto. Ƙanin mijinki so yake ya raba gardama kowa ya huta, ki gode masa, ki ce a'a. Tafiyar da mutum ke fatan ya dawo kamar ranar da aka haife shi ba a buɗe ta da takardar ƙarya. Ban da wannan ma, katin zai cuce ki ta inda ba ki zata ba. In ciwo ya kama ki a Makka ko Madina, likitan da bai san ki ba, ba ya jin Hausa, takardunki zai karanta ya gina hukunci a kansu. In kuma likitanki ya ga bai dace a yi miki ba, akwai hanya ta halal: ya rubuta takardar uzuri da hatimin asibiti, ki kai wa jami'an lafiya na hukumar alhazai. Sharuɗɗan Saudiyya suna canzawa shekara-shekara. A 2022 kowa sai da allurar korona, daga baya aka sassauta, ta sanƙarau ce dai ba ta tashi. Don haka ki nemi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku ya nuna miki sharaɗin bana a rubuce, kada ki tsaya kan an ce.

In an yanke za a yi, ki yi da wuri, kamar wata ɗaya da rabi kafin tashi, yadda garkuwar za ta kama, kuma duk abin da zai biyo baya ya same ki a gida kusa da likitanki. Kwana biyu ko uku kafin ranar ki yi gwajin INR. Ga mafi yawan masu shan wafarin ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya haura iyakar da aka sa miki, sai a jinkirta har ya daidaita. Kafin ki naɗe hannun riga ki gaya wa mai allurar kina shan maganin tsinka jini, don ta ɗauko siririyar allura. In ta zare, ki danne wurin da auduga da ƙarfi, ki kalli agogo, minti biyu a ƙalla, in kin kai biyar ya fi. Kada ki murza. Mu mata mun saba da murza wurin allura, to ga mai shan wafarin murzawar ce ke sa jini ya taru a ƙarƙashin fata. Ɗan tabo mai duhu ba abin tashin hankali ba ne. Ciwon damtse, kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu duk an saba gani. Farasitamol ya ishe ki. Ki guji ibufurofen da dikulofenak da asfirin, suna sa mai shan wafarin zubar jini a ciki.

Abin da ba a kwana da shi a gida, ko an yi allura ko ba a yi ba: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani ko yake ƙaruwa in kin kwanta, gani dishi-dishi, ciwon ciki mai naci, ƙafa ɗaya ta kumbura, ciwon ƙirji, haki, ko ɗige-ɗigen ja a fata nesa da inda aka yi allurar. Ko ƙarfe biyun dare ne, a tafi asibiti, a faɗi ranar allurar da sunanta, a nemi a ƙirga faletilet. Ki karanta wa maigidanki wannan sakin layin. Sanin abin da zai yi zai rage masa rabin fargaba.

Sannan tafiyar kanta, wadda a ganina ta fi allurar buƙatar shiri. Daga Kaduna zuwa Jidda ko Madina awa huɗu zuwa biyar ne a sama, ban da zaman jira a sansanin alhazai na Mando, ban da doguwar mota tsakanin Madina da Makka. Zaman da ya wuce awa huɗu wuri ɗaya yana kusan ninka hatsarin daskarewar jini. Ki roƙi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina takawa, in kina zaune ki riƙa motsa idon sawu kamar mai taka keken ɗinki. Ki tambayi likita game da safar nan mai matse ƙafa. Ki sha ruwa sosai. Na san mata da yawa suna ƙin sha don gudun layin banɗaki a Mina da Arfa, ke wannan dabarar ba taki ba ce. Wafarin ɗinki da na suga su kasance a jakar hannu, da ƙarin na mako biyu, da takardar likita da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon da adadin da kike sha. In tari ya kama ki a can, kada ki karɓi maganin da wata hajiya ta miƙo daga jakarta, domin irin su Flagyl da Septrin suna ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya tsinke fiye da kima. Abinci ma zai canza: in a gida kin saba da kwaɗon zogale da miyar alayyafo, a can kuma kika koma shinkafa da kaza zalla, INR zai iya haurawa. Ki tambayi likitocin tawagar Najeriya inda za ki yi gwaji ko sau ɗaya a tsakiyar zaman.

In kuma likita ya duba ya ce jikinki bai shirya wa tafiyar bana ba, ko INR ya ƙi zama, ko suga ya ƙi sauka, to ki tambayi hukumar alhazai yadda ake ɗage kujera zuwa baɗi. Na san zai yi miki ciwo, amma ki sa wannan ma cikin abin da ku biyun za ku tattauna a hanyar Shika.

Ki je a cikin makon nan, kada ki bari sai an fara kiran jirgi. In kun dawo ki rubuto mini abin da likitan ya ce game da faletilet ɗin da kuma ƙwayar da kika saya. In kin isa gaban Ka'aba, ki sa ni a addu'a.